Ƙwallon golf: Suna ake saya ko inganci?

A Oktoban 2000, Billy Andrade ya lashe gasar Las Vegas da sabuwar ƙwallon Titleist Pro V1. Tun daga nan ta zama abin tinƙahon ƙwararru. Yau dozin ɗinta ya haura dala 50 a Amurka, kuɗin da zai sa mai wasa a filin golf na Kano ya yi dogon tunani kafin ya buga kusa da ciyayi.

A 2016 sai kantin Costco ya fito da Kirkland, dozin biyu kan kusan dala 30. Ita ma rufinta na urethane ne, wanda ke taimaka wa ƙwallo tsayawa kusa da rami. Aka yi mata rububi har ta ƙare, kuma a 2017 taƙaddamar Costco da Acushnet, mai Titleist, ta kai kotu.