Gwaji ya ce lafiya lau, jiki ya ce da saura

Ma'aikatan ɗakin kati a kowane babban asibiti sun san su, wani lokaci ko lambar katinsu ba sai an tambaya ba. Su ne marasa lafiyar da fayil ɗinsu ya yi kauri har sai an ɗaure shi da roba. Watan jiya ciwon kai ne da jiri, wannan watan zafin ƙirji da faɗuwar gaba, gobe kuma kasala da wani abu mai yawo a jiki kamar tsutsa. An ɗebi jini, an duba fitsari, an yi hoton ciki, sakamako ya fito fes. Likita ya ce, "Hajiya, ba mu ga komai ba." Ita kuma ta ce, "To likita, ni da nake jin abin a jikina fa?"

Duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma tsakanin maganganun nan biyu dukiya mai ɗimbin yawa take salwanta a duniya.

Irin waɗannan mutane ba tsiraru ba ne. A 1989, Kurt Kroenke da abokin aikinsa sun bi bayanan marasa lafiya 1,000 a wani asibiti a Amurka, suka duba koke-koke 14 da aka fi zuwa da su, irin su ciwon ƙirji, gajiya, jiri, ciwon kai da ciwon baya. A kashi 16 cikin 100 kawai aka gano wata cuta a jiki da za a ɗora wa alhaki. A 2001 wani bincike da aka yi a Landan ya nuna cewa kusan rabin sababbin marasa lafiyar da aka tura sassan ƙwararru guda bakwai ba a samu cutar da ta bayyana kokensu ba, kuma abin ya fi yawa a sashen mata.

Da aka zo lissafin kuɗi, sai abin ya ba da tsoro. Arthur Barsky na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun wallafa a 2005 cewa masu irin wannan matsala suna kashe ninki biyu na abin da sauran marasa lafiya ke kashewa a shekara, suka ƙiyasta cewa abin yana cin Amurka kimanin dala biliyan 256 duk shekara. A Ingila, wani ƙiyasi na shekarar 2008 zuwa 2009 ya ce hukumar lafiyar ƙasar ta kashe kusan fam biliyan 3 a kansu, wato kashi 10 cikin 100 na duk abin da aka kashe wa mutanen da ke cikin shekarun aiki. Wannan ban da ranakun aikin da aka yi asara.

Ina kuɗin suke tafiya? Mafi yawa ba a magani ba ne, a nema ne. Likitan zuciya zai duba zuciya ya ce ba nan ba ne, ya tura wa likitan ciki. Likitan ciki zai zura na'ura ya leƙa, ya tura wa likitan jijiyoyi. Kowa ya wanke sashensa, babu wanda ya riƙe mutumin gaba ɗaya. Gwaji kuma yana haifar da gwaji: idan aka yawaita ɗaukar hoton mai lafiya, ba a rasa ganin wani ɗan tabo ko ƙullutu marar lahani, sai a shiga bin sa da wani hoton, wani lokaci har da tiyata. Likita na gudun kada wata cuta ta kuɓuce masa, marar lafiya na ganin idan ba a rubuta gwaji ba to ba a kula shi ba. Amma nazarin da Alexandra Rolfe da Christopher Burton suka fitar a 2013, bayan sun tattara bincike 14, ya nuna cewa gwajin da ake yi don a kwantar wa mutum da hankali kawai ba ya rage masa fargaba ko ciwon yadda ake zato.

A Ingila baitulmali ke biya, a Amurka galibi kamfanonin inshora. A Najeriya kuwa, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun mutane suke fitowa kai tsaye. Don haka asarar ba ta bayyana a kasafin gwamnati, a cikin gida ake jin ta: adashen da aka kwasa, akuyar da aka kai kasuwa, kuɗin makarantar yara da aka taɓa. Hanyar ma sananniya ce. A fara da kemis, a wuce ɗakin gwaji na bakin titi, a dawo da takarda mai cewa maleriya da taifot. Gwajin Widal da ake yawan dogara da shi yakan nuna taifot ga wanda ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar tun da daɗewa, ko ma ga mai maleriya, alhali babu taifot ɗin a lokacin. Sai a sha allurai da ƙarin ruwa, a ji sauƙi kwana biyu, ciwo ya dawo. Daga nan sai maganin olsa, sai na sanyi, sai na basir, sai mai maganin gargajiya, sai a fara zargin sammu ko iska. Kuɗi na ta zuba kamar ruwa a kwando.

Ba ƙarya suke yi ba, kuma ba raki ba ne. Ƙwaƙwalwa da jiki a haɗe suke. Idan mutum ya daɗe cikin damuwa, rashin barci ko tsoro, zuciya takan ƙara bugu, tsoka ta ɗaure, hanji ya rikice, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo su riƙa kai ƙara a kan abin da da ba sa kulawa. Wasu daga cikin waɗannan larurori ma suna da suna da hanyar magani a likitance, kamar rikicewar hanji mai zuwa da kumburin ciki da murɗawa. Wasu masu irin wannan koke suna da ciwon damuwa, wasu kuma ba su da shi ko kaɗan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wani babban bincike a ƙasashe 14, Ibadan na cikin cibiyoyin, kuma Farfesa Oye Gureje na cikin waɗanda suka yi aikin. Sakamakon da aka wallafa a 1999 ya nuna cewa kashi 69 cikin 100 na masu ciwon damuwa da koken jiki kawai suka zo asibiti. Abin lura shi ne hakan ya fi yawa a wuraren da marar lafiya ba shi da tsayayyen likita guda. Wanda kullum sabuwar fuska yake tararwa, ga layi a bayansa, zai ce ƙirjinsa na zafi, ba zai kawo zancen bashin da ya hana shi barci ko zaman gidan da ya yi tsami ba.

Wani maganin da ya rage kuɗi sosai kuwa wasiƙa ce. A 1986, G. Richard Smith da abokan aikinsa a Jami'ar Arkansas sun gwada ta a kan marasa lafiya 38. Sun rubuta wa likitocinsu shawara: a sa musu ranar dawowa duk mako huɗu zuwa shida ko da ciwo bai tashi ba, a duba jikinsu a kowane zuwa, a guji gwaji da kwantarwa da tiyata sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma kada a ce musu tunani ne kawai. Kuɗin da ake kashewa ya ragu da kashi 53 cikin 100, mafi yawa saboda raguwar kwanciya a asibiti, lafiyarsu kuma ba ta taɓarɓare ba.

To idan akwai cuta a ɓoye fa? A Sukotland, Jon Stone da abokan aikinsa sun bi mutum 1,144 da likitocin jijiyoyi suka ce cuta ba ta bayyana kokensu ba. Bayan kimanin wata 19, mutum huɗu kawai aka samu da cutar da ba a zata ba. Sai dai can an yi cikakken bincike tun farko. A asibitin da babu kayan aiki, "ba a gano ba" na iya zama "ba a duba ba". Ramewa ba dalili, zubar jini, ƙullutu, zazzaɓin da ya ƙi sauka, tarin da ya wuce mako biyu da gumin dare, duk suna buƙatar a bi su da gaske.

Najeriya ta kafa dokar da ta wajabta inshorar lafiya a 2022, aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, kuma akwai shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane damuwa da fargaba, don kada kowa sai ya je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Kware ko Barnawa. Kafin waɗannan su isa kowace ƙaramar hukuma, akwai abin da iyali za su iya yi da kansu: su tsaya a asibiti ɗaya, su nemi likita ko jami'in lafiya guda da zai riƙa ganin marar lafiyar, su tara duk takardun gwaji da kwalayen magani a jaka ɗaya su riƙa zuwa da ita, kuma duk lokacin da aka rubuta sabon gwaji su tambayi abin da ake nema da shi da abin da zai canza a magani.