Ma'anar "Kamawa" a Sana'ar Dukanci

Idan baduku a kasuwar Zuru, ta Jihar Kebbi, ya shafa kuloko a jemammiyar fata, ta koma baƙa wuluk nan take, sai ya ce rini ya kama. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa wannan aikatau, wato "kama", ya dace da abin da ilmin kimiyya ya gano.

Kuloko dai ruwa ne da ake jiƙa kashin maƙera a ciki har ƙarfen ya narke. Ƙwayar ƙarfen da ta narke tana ɗauke da cajin lantarki mai alamar tarawa, kuma ba ta zama ita kaɗai, ƙwayoyin ruwa guda 6 ne ke kewaye da ita kamar fadawa. Alfred Werner, wani masani a Zurik, shi ya bayyana irin wannan tsari a 1893, aka ba shi kyautar Nobel a 1913.

Ita kuwa fata, dogayen zaruruwa ne da ido ba ya gani. A wajen jima, sinadarin da ke cikin bagaruwa yana manne musu. Wannan sinadari yana da gurabe masu iya ɗaukar caji mai alamar ɗebewa.

To, kamawa mataki biyu ce. Da farko, kishiyoyin cajin nan suna jawo juna, ƙarfe ya matso kusa. Sa'an nan sai ya saki wasu daga cikin ƙwayoyin ruwansa, gurabun bagaruwa su maye gurbinsu. Wannan ƙulli shi ke haifar da baƙi, shi ya sa wanki da ruwa ba ya fid da shi. Amma tsami, kamar ruwan lemun tsami, yana ƙwace gurabun, sai baƙin ya dushe. Haka kuma fatar da ba ta sha bagaruwa ba, kuloko ba ya baƙanta ta.

Jimar zamani ma kan wannan ƙa'ida take. Tun da Augustus Schultz ya yi rajistar hanyarsa a Amurka a 1884, masana'antu ke amfani da gishirin kuromiyam, wanda ke kama zaruruwan fata kai tsaye.

Saboda haka, masu ƙirƙiro kalmomin kimiyya ya kamata su fara bincike a majema da maƙera, domin kalmar da suke nema tana bakin masu sana'a tun tuni.