Kufan Teyotiwakan

A ƙasar Meksiko, cikin nahiyar Amurka, akwai kufan wani babban birni mai suna Teyotiwakan. Tsakaninsa da babban birnin ƙasar kimanin kilomita 50 ne.

Wata doguwar hanya ta ratsa tsakiyar kufan. Ana ce mata Hanyar Matattu. In baƙo ya bi ta, zai ga manyan dala biyu na ƙasa da duwatsu: Dalar Rana da Dalar Wata. Tsawon Dalar Rana ya kai mita 65. Bisansu ne mutanen da suke bauta wa gumakansu.

An gina Dalar Rana wajen shekara ta 200. A zamanin nan maginan ba su da ƙarfe, ba su da jaki, raƙumi ko amalanke. Da dutse suka sassaƙa dutse, da ƙarfinsu suka ɗauko shi.

Mutanen birnin sun kai dubu 100. Wajen shekara ta 550 aka ƙone tsakiyarsa, daga baya jama'a ta watse. Turawan Ispaniya da suka iso ƙasar a 1519, kango suka tarar.

Tun 2020 an hana baƙi hawan Dalar Rana. Sawun mutane yana cinye matakalanta, ga shi babu wata a madadinta.