IDAN KWAMFUTA TA CE WURI YA ƘARE BAYAN ƘWAYAR CUTA

'Yan'uwa, kwamfuta ta shigo ƙauyukanmu na Dambatta, Bichi da Kunci. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, sakatarorin ƙungiyoyin manoma kuma a cikinta suke ajiye lissafin taki da bashi. Amma sau da yawa filashin da muka kai wurin masu tura fina-finai a kasuwa yakan dawo da ƙwayar cuta, wato bairos. Ko an kashe ta, sai kwamfuta ta yi nauyi, tana cewa wurin aikinta ya ƙare.

Ga dalili. Kwamfuta tana da faifai, tana da rumbu. Faifan shi ne RAM, inda take aikin da ke hannu. Rumbun shi ne hadis, inda take ajiya. In faifai ya cika, Windows takan ari wuri a rumbu, cikin fayil mai suna pagefile.sys. Ƙwayar cuta kamar gara take: takan cinye faifai, ta cika rumbu, wani lokaci ta ɓata saitin aron.

Abin da za mu yi:

1. Mu kwafe takardunmu masu muhimmanci a filashi mai tsabta tukuna.

2. Mu sa Microsoft Defender ya bincike kwamfutar duka, domin ragowar cuta takan ɓuya.

3. Mu danna Ctrl, Shift da Esc tare, mu ga manhajar da ta fi cin RAM.

4. Mu share fina-finan da muka gama kallo. Cikakken rumbu ba ya ba da aro.

5. Mu shiga Advanced system settings, sai Performance, sai Virtual memory, mu zaɓi Windows ta riƙa auna girman fayil ɗin da kanta. Mu kashe kwamfutar, mu sāke kunnawa.

In duk wannan bai yi ba, sai a kai wa mai gyara ya sāke ɗora Windows, ko ya ƙara RAM. Windows 11 tana bukatar akalla gigabait 4. Mu sani kuma Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairu 2020, Windows 10 kuma a Oktoba 2025, don haka cuta ta fi saurin kama su.

Kada mu buɗe filashin kowa sai an bincike shi. Rigakafi ya fi magani.