Takobin Japan: Daga Baƙin Yashi Zuwa Kaifin Aska

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Japan, inda maƙera suka ɗauki ƙirar takobi, wanda suke kira katana, har ta zama abin alfaharin ƙasa.

Abin yana farawa ne daga baƙin yashi mai tama a ciki. Ana gina tanderu na yumɓu, sunansa tatara, a riƙa zuba yashin da gawayi ana zuga kwana uku, dare da rana. Yashi wajen tan 10 da gawayi tan 12 sukan ba da dunƙulen ƙarfe kimanin tan biyu da rabi, kuma sai an rushe tanderun kafin a fitar da shi. Zaɓaɓɓen ƙarfen da ke ciki shi ake kira tamahagane.

Daga nan sai maƙeri ya gasa ƙarfen, ya buga, ya ninke shi gida biyu, ya sake bugawa, don dattin ciki ya fita. Ga lissafi ga 'yan makarantarmu: kowane ninki yana ruɓanya na baya, saboda haka ninki 15 zai ba da falle 32,768.

To, ƙarfe mai tauri yana riƙe kaifi amma yakan karye, mai taushi kuwa ba ya karyewa amma yakan dakushe. Dabarar maƙeran ita ce su naɗe mai taushin a cikin mai taurin. Sannan su shafe takobin da yumɓu, mai kauri a baya, kaɗan a baki, su gasa shi ya yi ja, su tsoma cikin ruwa. Bakin yakan riga baya hucewa, shi ya sa yake yin tauri, takobin kuma ya tanƙwaru. A nan ne wani lokaci ƙarfen kan tsage, aikin makonni ya tashi a banza. Wasawa kuwa sana'ar wani ce daban, mai duwatsu iri-iri.

Maƙerin da ya fi suna shi ne Masamune, wanda ya yi zamani wajen shekara ta 1300. Shahararren takobinsa, Honjo Masamune, an miƙa shi ga 'yan sanda a Tokyo cikin Disamba 1945, bayan yaƙin duniya na biyu, kuma daga nan aka neme shi aka rasa.

Sau biyu sana'ar tana kai wa bakin kabari. A 1876 gwamnati ta hana yawo da takobi, maƙera da yawa suka koma ƙera wuƙaƙen girki. A 1945 sojojin mamaya ƙarƙashin Amurka suka hana ƙirar baki ɗaya, sai a 1953 aka sake ba da izini. A 1977 aka farfaɗo da tatara a lardin Shimane. Mai son zama maƙerin takobi sai ya yi shekara biyar a hannun malami kafin ya sami lasisi.

Mu ma kakanninmu sun narka tama kafin tsofaffin ƙarafan mota su kashe wannan ilimi. Mutanen Japan sun ceto nasu domin sun nemi dattawan da suka sani tun suna raye. Kafin zuga-zugin unguwarmu ya yi shiru, ya kamata mu kai yaranmu maƙera su zauna, su tambaya, su rubuta.