Inabin Ƙasar Sanyi

Sau da yawa mukan ji ana karanta zancen kuringar inabi a Yohanna sura 15, amma mu mutanen Funtua da Malumfashi dawa da masara da auduga muka sani. Saboda haka yau bari mu dubi yadda ake noman inabi a ƙasar sanyi, da yadda ake yin farin ruwan inabi da shi, domin karatunmu ya ƙara fita sarai.

A ƙasar Jamus akwai wani kogi mai suna Mosel. A gangaren duwatsun bakinsa ake shuka wani irin inabi da ake kira Riesling, wanda sunansa ya shiga rubutu tun shekara ta 1435. Wurin yana da sanyi ƙwarai. Don haka manoma suka zaɓi gangaren da ke fuskantar rana, inda duwatsu kan sha zafi da rana su sake shi da dare. Gangaren yana da tsayi, har yawancin aikin da hannu ake yi.

Wanda ya dasa kuringa yakan jira wajen shekara 3 kafin ya ga amfani. Kowane hunturu kuwa manomi yakan bi ta da almakashi, ya datse mafi yawan rassan da suka fito bara. Baƙo zai ce ɓarna ce. Amma in aka bar rassan duka, ganye zai yi yawa, 'ya'yan su fito ƙanana marasa daɗi.

Me sanyin yake yi? Yakan sa 'ya'yan su nuna a hankali, har watan Oktoba. Zaƙi yana shiga kaɗan kaɗan, ɗan tsamin kuma bai gudu ba. A ƙasar zafi inabi kan nuna da sauri, zaƙi ya yi yawa, tsamin ya ragu. Mu ma kusa da mu, a Hunkuyi cikin ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna, ana noman inabi na ci, kuma can ma sai an datse rassa kafin a sami amfani.

Bayan an tsinke, sai a matse 'ya'yan nan da nan, a zubar da ɓawo. Abin da ya sa ruwan ya zama fari ke nan, gama launin jan ruwan inabi daga ɓawo yake fitowa. Sai a bar ruwan ya kwanta, a tace, a zuba cikin tanki ko ganga. Nan yisti yakan cinye zaƙin, ya mai da shi barasa da iska, kamar yadda dawa kan zama burukutu. Sai dai burukutu kwanaki kaɗan ne, wannan kuwa ana riƙe shi cikin sanyi har makonni, don ƙanshin kada ya tashi.

To, a lura, abin da ya fito abin sa maye ne, ba kuwa muna kiran kowa ga sha ba. Mun ga gidajen da maye ya rushe a ƙauyukanmu. Saboda irin wannan damuwa ce a shekara ta 1869 wani Kirista a Amurka, Thomas Welch, ya dafa ruwan inabi ya kashe yistin, domin a yi Jibin Ubangiji da ruwan da ba ya sa maye. Ikilisiyoyi da yawa suna bin wannan hanya har yau.

'Yan'uwa, wataƙila bana an datse mana wani reshe: taki ya yi tsada, ko rashin tsaro ya hana mu zuwa gona mai nisa. Mu tuna, manomi ba ya ɗaukar almakashi zuwa wurin kuringar da ya fid da rai a kanta. Ubangiji ya ba mu haƙurin jira har lokacin girbi. Amin.