Gidajen 'Yan Makaranta: Abin Da Ke Bayan Jar Riga Da Koriya

Da zarar an shiga zango na biyu na shekarar karatu, watau daga Janairu zuwa Maris, sai takardu su fara isa hannun iyaye a Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun, da Shagamu, har Fatakwal. Makaranta na neman kuɗin riga, ja ko koriya ko rawaya, domin gasar wasanni tsakanin gidaje ta gabato. Mahauci ko mai canji ya kan biya, ya yi ɗan gunaguni, shi ke nan. Kaɗan ne ke tsayawa su tambayi ɗansu ma'anar wannan gida da aka sa shi a ciki. Alhali kuwa ga yaron da ke makarantar kwana, gidan nan shi ne uwa, shi ne uba, har ran da aka yi hutu.

Asalin abin

Al'adar nan daga Ingila ta fito, kuma ba don wasanni aka ƙaga ta ba. Wurin kwana ne ya kawo ta. A makarantar Eton, wadda Sarki Henry na Shida ya kafa a 1440, ɗalibai 70 ne kawai aka tanadar wa masauki a cikin makaranta. Sauran 'ya'yan masu hali da suka zo karatu daga nesa sai suka riƙa sauka a cikin gari, a gidajen waɗansu mata masu ba da haya, su ci abinci can, su kwana can. Sannu a hankali malamai suka karɓi riƙon gidajen, har suka zama wani sashe na makaranta. Yanzu Eton tana da gidaje 25, kusan kowanne da yara kamar 50 da malamin da ke zaune tare da su.

Wanda ya ƙara wa tsarin ƙarfi shi ne Thomas Arnold, shugaban makarantar Rugby daga 1828 zuwa 1842. Shi ya dogara ga manyan ɗalibai, ya ba su iko su tsare ladabin ƙanana. Sauran makarantu suka kwaikwaya. Daga baya, da wasan ƙwallo da na kurket suka samu gindin zama, sai gidaje suka fara karawa da juna, kowanne da launinsa da kyaftin ɗinsa. Ashe gasa daga baya ta zo. Tushen abin shi ne a raba taron yara ƙungiya ƙungiya, yadda babba guda zai iya sanin sunan kowane yaro, da halinsa, da ranar da ya kwana ba lafiya.

Yadda ta iso Nijeriya

Turawan da suka zo koyarwa a zamanin mulkin mallaka da yawansu a irin waɗannan makarantu suka tashi, saboda haka abin da suka sani shi suka dasa. King's College ta Ikko, wadda aka buɗe a 1909, tana da gidaje huɗu: Hyde-Johnson, da Harman, da Panes, da McKee-Wright, duk sunayen Turawa. Kwalejin Gwamnati ta Badun, ta 1929, tana da Swanston, da Grier, da Field, da Carr, da Powell.

A Arewa kuwa, uwar makarantun ita ce Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922. An mayar da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, aka raɗa mata suna Barewa a 1971. Har wasan nan na buga ƙwallo da hannu a jikin bango, wanda Turawa ke kira Fives, daga Eton ya zo Arewa, Sardauna Ahmadu Bello kuma ya shahara da son sa.

Mai son ya karanta tarihin ilmin boko a Arewa, ya dubi sunayen gidajen Barewa. Akwai Lugard da Clifford, gwamnoni. Akwai Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Akwai Mort, sunan wani tsohon shugaban kwalejin. Sa'an nan ga na 'yan ƙasa: Bello Kagara, malamin da ya rubuta littafin Ganɗoki, da Nagwamatse, da Ja'afaru Sarkin Zazzau, da Sulaimanu Barau Sarkin Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja. Kwalejin nan, tun tana Katsina har ta zo Zariya, ita ta yaye Abubakar Tafawa Balewa, da Yakubu Gowon, da Murtala Muhammed, da Shehu Shagari, da Umaru Musa 'Yar'aduwa, dukansu sun shugabanci Nijeriya. Kowannensu sai da ya fara zama ƙaramin yaro mai bin umarnin na gaba da shi.

Amfaninta ga ɗan baƙo

Ga 'yan Arewa mazauna Kudu, akwai wani amfani na musamman. Yaron da ya tashi a Sabo ko a zango, sau da yawa abokansa duk Hausawa ne, daga gida sai makarantar allo sai kasuwa. A makaranta ma, in an bar yara su zaɓi abokan zama, kowa wajen masu jin harshensa zai nufa. Gida shi ke rushe wannan. Ba a raba shi bisa ƙabila ko addini ko aji. A kan sa ɗan aji ɗaya da ɗan aji shida, Bahaushe da Bayarabe da Ibo, ƙarƙashin tuta guda. Ran gasa, in yaron Agege ya karɓi sanda a tseren ba-ni-in-ba-ka, masu yi masa ihu ba su damu da garin ubansa ba, launin rigarsa suke kallo.

Dabarar nan ce aka faɗaɗa a kwalejojin Gwamnatin Tarayya. An fara da uku a 1966, a Sakkwato da Warri da Okposi, bayan yaƙin basasa kuma gwamnatin Janar Gowon ta ƙara su. Yanzu sun haura 100. Manufarsu ita ce a haɗa 'ya'yan jihohi dabam dabam a ɗakin kwana ɗaya. Queen's College ta Yaba, makarantar 'yan mata da aka kafa a 1927, tana da gida mai suna Ɗanfodiyo, kusa da wani mai suna Emotan, sananniyar mace a tarihin Benin. Yarinyar da ba ta taɓa ƙetare Kwara ba sai ta shekara shida tana kare sunan Shehu a filin wasa.

Inda gizo ke saƙa

Amma tsarin ya zo da cutarsa tun daga Ingila. Ikon da aka ba manyan ɗalibai ya haifar da al'adar bautar da ƙanana: goge takalma, kai saƙo, haɗa shayi, da bulala in an yi kuskure. Makarantun Ingila sun yi ta watsar da wannan a tsakanin 1960 da 1980 da 'yan kai. A Nijeriya kuwa bai mutu ba. Wanda duk ya yi makarantar kwana ya san ɗebo wa siniya ruwa, da wanke masa kaya, da ƙwace garin kwaki da sukarin da uwa ta ƙulla wa ɗanta. Waɗansu kan ce horo ne. To, shara da gyaran gado horo ne. Amma duka da dare, bayan an kashe fitila, ba shi da suna sai zalunci, kuma yaron da aka yi wa yau shi zai yi wa wani gobe.

Abin da ke raba gida mai kyau da mugu ba launi ba ne, ba kuma yawan kofunan da ya ci ba. Malamin gida ne. Inda yake zaune kusa da ɗakunan kwana, yana zagayawa da dare, yana kirga yara, firifet ya kan tsaya iyakarsa. Inda yara suka yi yawa, malami kuma yana kwana a cikin gari, to mulki ya koma hannun yaro ɗan shekara 17, ba mai tsawata masa.

A makarantun je-ka-ka-dawo, waɗanda su ne mafi yawan 'ya'yan baƙi ke zuwa, matsalar wata ce dabam. Gida ya zama suna kawai. Ba a tunawa da shi sai mako biyu kafin gasa, a yi fareti, a naɗa sarki da sarauniya, a kira masu kuɗi su yi liƙi, a watse sai baɗi. Alhali ana iya amfani da shi duk shekara wajen gasar tsabta, da muhawara, da kacici-kacici, da sa manya su taimaki ƙanana a darasi.

Abin da ya kamata uba ya tambaya

Uban da zai kai ɗansa makarantar kwana, ko a Ikko ko can gida Arewa, kada ya tsaya ga ofishin biyan kuɗi kaɗai. Ya nemi ganin malamin gidan da aka sa yaron, su gaisa, su san juna, ya karɓi lambar wayarsa. Ya tambaya yara nawa ne a gidan, wa ke kwana kusa da su, kuma wurin wa yaro zai kai ƙara in siniya ya cuce shi. Ga 'ya mace, uwa ta ga matar da ke kula da ɗakin kwana ido da ido. Ranar ziyara a dubi jikin yaro da akwatinsa, a lura in mai surutu ya koma shiru.

Wanda ɗansa ke makarantar je-ka-ka-dawo kuwa, in takardar gasa ta zo, ya bar wa yaron shago tsaro na rabin yini ya tafi filin. Yara suna lura da wanda ubansa ya zo da wanda nasa bai zo ba. A can ne kuma zai ga malaman, ya zauna benci ɗaya da iyayen da ba su jin Hausa, waɗanda 'ya'yansu ke gida ɗaya da nasa. Kuɗin riga ba shi ne ƙarshen hakkin da ke kansa ba, gama yaro amana ne, ko a hannun wa aka bar shi.